Kyamarar Baba ta fim: jan layi a hoto, gefe ɗaya duhu, ga lens ɗin da ya ƙi shiga

Nuraddeen ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin tsofaffin kyamarori shawara nake nema, kuma a yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo don ina so in faɗi komai yadda yake.

Wata uku da suka wuce muna gyara kayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na ci karo da wata jakar fata a ƙasan akwati, a ciki akwai kyamara an rubuta Asahi Pentax a goshinta, gefe kuma Spotmatic, a sama SP. Da ita ya ɗauki kusan duk hotunanmu na yarinta, na tashi ina ganinta rataye a wuyansa amma ban taɓa riƙe ta ba sai yanzu. Ta fi shekara 20 a ajiye ba wanda ya taɓa ta. Lens uku ne a jakar, na jikinta Super-Takumar 50mm f/1.4, sai wani mai nauyi an rubuta Helios-44-2, sai na ukun Canon FD 50mm f/1.8 wanda ni har yanzu ban san me ya kawo shi jakar ba tunda babu bodin Canon, wato kyamarar kanta.

Toh na sa fim mai kala ISO 200 mai ɗaukar 36, na ɗauka a hankali cikin sati biyu, na kai aka wanke aka turo min sikanin. Wasu sun yi kyau sosai wlh har na ji ƙwalla, amma ga matsalolin. Na farko akwai wani jan layi kamar harshen wuta daga sama zuwa ƙasa a hotuna kusan goma, kullum a waje ɗaya, sauran kuma tas babu komai. Na biyu waɗanda na ɗauka cikin rana tsaka a 1/1000 gefe ɗaya ya yi duhu, wasu ma kusan rabin hoton baƙi ne. Na uku allurar da ke cikin wajen leƙawa ba ta motsi ko kaɗan, da na buɗe murfin batir na ga wani farin gari da kore-kore, shine na yi ta auna haske da waya. Sannan duk wanda na ɗauka da Helios ya yi fari fat kamar an wanke shi da bilic, alhali f/8 na sa kamar yadda wayar ta ce.

Ga kuma Takumar ɗin, in ka ɗaga shi ka kalli farar takarda sai ka ga gilashin ya koma ruwan ɗorawa. Shi kuma na Canon ya ƙi shiga bodin sam, kuma ko na juya zoben lambobin ƙofar hasken ba ta motsi, ban sani ba ko ya lalace ne.

Tambayata, wannan kyamarar tana gyaruwa ko in haƙura in ajiye ta don tarihi in nemi wata? Kuma akwai adafta da zan ɗaura na Canon ɗin a kanta? Ni dai a raina da ita nake son ɗauka, amma bana son in yi ta ƙona fim a banza. Nagode.

Abba35mm ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ɗan uwa ni a ganina matsalolin sun yi yawa a bodi ɗaya, yoyon haske ga shota ga mitar auna haske, in ni ne zan goge ta in ajiye a inda ido zai riƙa ganinta, in nemi Canon AE-1 tunda ga lens ɗin FD a hannu. Ita tana da otomatik, kai dai ka zaɓi gudun shota ita ta zaɓa maka buɗin lens, ga sauƙi ga mai koyo, ni da ita na fara. Abu ɗaya dai ka sani shotarta da lantarki take aiki, batir mai volt 6 take ci irin 4LR44, in ya mutu ko kyas ba za ta yi ba, so ka riƙa yawo da na ajiya. In kuma ka fi son ka zauna a Pentax toh K1000, ita batir na mita ne kawai.

Shi kuma lens ɗin da ya canza kala ina zargin fumfuna ce ta kama shi, kar ka haɗa shi jaka ɗaya da sauran kafin a tabbatar.

Baba Mai Wanki ya rubuta:

Nura yarona, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Kar ka sayi komai tukuna, kuma kar ka ajiye kyamarar nan. Na yi shekaru ina wankin fim ina kuma buɗe irin waɗannan, duk abin da ka lissafa ciwon tsufa ne da zaman jaka, ba wanda ya kai a ce ta mutu. Spotmatic ta fito a 1964, ƙarfe ce da sifirin zalla, shotarta ba ruwanta da batir tun daga sakan 1 har 1/1000. Abba ka yi saurin yanke mata hukunci.

Abu na farko, sikanin da aka turo maka ba shi ake dubawa ba, ka je ka karɓo nagetif ɗin kansa, in ba su ba ka ba ka nema haƙƙinka ne. Ka ɗaga shi a haske ka duba inda layin nan yake. A nagetif ba ja za ka gan shi ba, duhu-duhu zai yi mai ɗan kore ko shuɗi. In tabon ya tsallake iyakar hoton ya shiga har gefen da ramukan nan suke, toh haske ne ya shigo ta baya, don hasken da ya bi ta lens ba ya wuce tagar hoto, iyakarsa 24 da 36 milimita. Dalilin da ya sa ka gan shi ja kuwa, fim mai kala hawa-hawa ne, kuma hawan da ke jin jan haske shi ne can ƙasa kusa da bayan fim, so in haske ya shigo ta ƙofar baya shi yake fara samu. Kuma ka ce ba duka hotuna ba ne, wannan ma shaida ce. Ka tuna da kyau, zan iya cewa waɗanda ka ɗauka a jere kyas kyas sun fita lafiya, waɗanda suka lalace su ne na kusa da lokacin da ka rataya kyamarar ka yi ta yawo da ita cikin rana ko ta kwana biyu ba ka ja fim ba, don nan ne fim ya daɗe a tsaye a gaban inda ke yoyo.

Buɗe bayan ka sa yatsa a wajen da ƙofar take lanƙwasa, da cikin siraran kwaruruwan nan na sama da ƙasa. Za ka tarar soson da ke wajen ya narke ya zama baƙin danƙo ko ya zama gari. Wannan aikin da kanka za ka yi. Tsinken sakace, auduga, da sifirit ɗan kaɗan, ka kankare tsohon tas, ka sa sabon baƙin soso siriri kamar milimita 1 zuwa 1.5, in babu baƙin zaren ulu ma yana zama a cikin kwarin ya yi aiki shekara da shekaru. Ka lura a kwarin sama akwai wani ɗan ƙarfe da ya leƙo, shi ke mayar da lissafin hoto farko in an buɗe ƙofa, kar ka rufe shi da soso. In kana son tabbaci kafin ka sha wahala, ka sa fim ka bi duk gefen ƙofar da baƙin tef na masu waya, in layin ya ɓace ka kama ɓarawon. Akwai kuma wani soson a sama inda madubi ke bugawa in ya tashi, shi ma ka duba, amma a nan ka yi a hankali ƙwarai, kar ka goge madubin kuma kar sifirit ya taɓa allon da ke samansa, azurfar madubin a fuska take ba a baya ba, goga ɗaya ya isa ya bar tabo.

Na biyu, duhun gefe. Shotar nan labule biyu ne na ƙyalle masu gudu daga gefe zuwa gefe. A gudu ƙasa-ƙasa na farko yana buɗewa gaba ɗaya kafin na biyu ya biyo, shi ya sa filasha take aiki a 1/60. Amma a 1/500 da 1/1000 tagar ba ta taɓa buɗewa duka, wata 'yar siririyar tsaga ce tsakanin labulen biyu take wucewa ta gaban fim. In man ciki ya bushe na farko ya yi nauyi, sai na biyu ya cim masa kafin su kai ƙarshe, tsagar ta rufe, gefen nan bai samu haske ba. Gwaji mai sauƙi, ka cire lens ka buɗe baya, ka fuskanci farin bango mai haske ka danna a 1/1000 kana kallo ta baya, ya kamata ka ga walƙiyar tagar cikakkiya kusurwa huɗu, in gefe ɗaya bai haska ba toh shi ne. Ka ɗana, wato ka ja hannun tura fim, ka danna kamar sau ɗari a kowane gudu, wani lokaci motsa jikin kaɗai yana sassauta ta, amma maganin gaskiya mai gyara ne ya wanke tsohon mai ya sa sabo ya daidaita ƙarfin sifirin. Dan girman Allah kar ka fesa mata mai ko wane iri, na ga kyamarori da dama da aka kashe da haka, mai ya hau labule ya hau madubi shikenan. Kafin ka samu mai gyara ka tsaya a 1/250 zuwa ƙasa ka rufe lens ka rage haske.

Tunda ka buɗe, ka shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila ta gaba ka ɗaga madubin a hankali ta gefensa, ka duba labulen sau biyu, kafin ka ɗana da bayan ka ɗana, ko akwai ƙananan huji kamar taurari. Robar da ke jikin ƙyallen tana bushewa.

Na uku mita. Asalin batirinta na zaiba ne mai volt 1.35, PX400, an daina yin irinsa tuntuni saboda guba. Amma ka yi sa'a, yadda aka haɗa mitar Spotmatic ɗan bambancin volt bai cika damunta ba, ba kamar Olympus OM-1 ko Minolta SR-T 101 ba da in ka sa musu na 1.5 sai su riƙa yi maka ƙarya sai an nemi batirin na'urar ji ko adafta ta musamman. Ka goge garin nan da tsinken auduga da ɗigon binega, ka bari ya bushe sarai, ka sa na agogo mai lamba 394 ka zagaye shi da 'yar roba don kar ya yi ta rawa, ko 387S in ka samu. Sannan akwai maɓalli a gefen bakin lens an rubuta SW, sai ka tura shi sama mita take tashi, ban sani ba ko ka tura. Gwajin batir, ka sa ASA, wato ISO, a 100, shota a B, ka tura SW, in allura ta zube da sauri batir na da rai. In duk da haka shiru, wataƙila tsatsa ta cinye wayar da ke ƙarƙashin gidan batir, aikin minti kaɗan ne a wajen mai gyara.

In ma ta ƙi tashi har abada ba a fasa hoto ba. Rana tarwai f/16, gudun shota kusa da lambar fim, wato ISO 200 ka sa 1/250. Gajimare kaɗan f/11, hadari ya rufe f/8 ko 5.6, inuwa f/4 zuwa 5.6. In kana kokwanto ka ƙara haske kar ka rage, nagetif mai kala yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa. Maganar lens na bar wa masu shi, na ga Maman Ilham tana nan.

Maman Ilham ta rubuta:

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Malam Nura Allah ya jiƙan mahaifi.

Bari in fara da Takumar ɗin don hankalina ya tashi da na ga an ambaci fumfuna, kar a je a yar da abu mai daraja. Fumfuna ba ta rina gilashi gaba ɗaya, zare-zare take yi kamar saƙar gizo ko jijiyar ganye, yawanci daga gefe take farowa, ka haska tocila ta baya ka karkata shi ka kalla ta gaba za ka gan ta in akwai. Ruwan ɗorawa ko'ina bai ɗaya a Super-Takumar 50mm f/1.4 sanannen abu ne, a yawancinsu an sa sinadarin toriyam a gilashin baya don ƙara ingancinsa, shi ne da daɗewa yake sa kalar ta juya. Eh yana fitar da tururin radiyeshan amma kaɗan ne, ana amfani da shi lafiya, abin kiyayewa kar a fasa ko a goge gilashin da abu mai kankara, kuma kar ka mayar da shi abin karawa a ido kana leƙe. Hasken UV, wanda ke cikin hasken rana amma ido ba ya ganinsa, yana wanke kalar. Ni fitilar UV ƙarama na sa wa nawa, na cire murafen, na shimfiɗa takardar alminiyam a ƙasa na kifa shi bayansa na kallon fitila, kwana da kwanaki kalar tana raguwa a hankali. Wasu rana suke sa wa, ni bana so, zafi yana narkar da girisin ciki ya gangaro kan ganyen ƙofar haske, ga shi lens yana tara rana waje ɗaya ya ƙona abin da ke ƙasansa. In baƙi da fari kake ɗauka ma kana iya barinsa haka, kamar ka sa filta mai ruwan ɗorawa ne mara ƙarfi, sai dai yana ɗan cin haske.

Helios ɗinka lafiyarsa ƙalau, kai ne ba a nuna maka halinsa ba. Takumar yana da wani ɗan tsinke a baya, in ka danna shota bodi na tura shi ƙofar ta rufe da kanta zuwa lambar da ka zaɓa. Shi 44-2 ba shi da wannan tsinken. Zobe biyu gare shi a gaba, mai lambobi yana sa iyaka ne kawai, na biyun mai sulɓi shi ke rufe ganyen da gaske. So ka sa f/8 a na farko, ka buɗe duka ka saita fokas da haske, sannan kafin ka danna ka juya na biyun har ya tsaya, za ka ga wajen leƙawa ya yi duhu, haka ake so. Kai ka sa 8 amma ka ɗauka a f/2 a buɗe, kaga haske ya ninka sau 16 kenan, dole su yi fari. Lens ne na Tarayyar Sobiyet, 58mm, an kwaikwayo tsarin Biotar na Zeiss, kuma in ka ɗauki mutum a f/2 da bishiya mai ganye can bayansa za ka ga bayan yana juyawa kamar guguwa, saboda wannan masu bidiyo suke nemansa yanzu.

Toh maganar na Canon. Bakin kyamararka sunansa M42, murɗawa ake kamar murfin kwalba, faɗinsa milimita 42. Na Canon FD kuwa ƙulli ne daban. Amma ba siffar bakin ce babbar matsala ba, tazara ce. Kowane tsari yana da nisan da aka ƙayyade daga bakin bodi zuwa fim, M42 milimita 45.46, Canon FD 42, Minolta na da 43.5, Olympus OM 46, Nikon F 46.5. Lens ɗin FD yana so ya zauna a 42 daga fim, bodinka kuma ya riga ya tura shi 45.46 tun ba a sa adafta ba, adafta kuwa ƙara tsawo take ba ta ragewa. Sakamako abu na kusa kawai zai fito, na nesa ba zai taɓa saituwa ba, sai dai adafta mai gilashi a ciki, ita kuma tana rage kaifin hoto ta canza faɗinsa, ban ga amfaninta ba ga mai Takumar 50 a hannu. Dokar ita ce lens mai doguwar tazara yana hawa bodi mai gajera, akasin haka ba ya yi. Shi ya sa kyamarorin dijital marasa madubi suke ɗaukar kusan komai, Sony E tazararta 18 ce kacal. In kana da irinta ko wani naka yana da ita, can ne gidan wannan lens ɗin. Kuma bai lalace ba, FD haka suke, in ba a jikin bodi ko adafta ba ganyen ba ya bin zobe.

Ni shawarata kar ka sayi bodi saboda lens ɗaya, musamman 50mm da kana da wanda ya fi shi buɗi. M42 ta faro tun 1949 a Jamus ta Gabas, kamfanoni da yawa suka bi, so kana da Takumar, da na Carl Zeiss Jena, da na Sobiyet, da Yashinon da sauransu birjik. In za ka ƙara, 28mm ko 35mm ɗaya da 135mm ɗaya sun ishe ka shekaru. Abu biyu ka kiyaye wajen saye. Akwai wani baki da ake kira T, shi ma 42 ne amma zarensa ya fi ƙanƙanta, milimita 0.75 maimakon 1, zai fara shiga ya cije, in ka ji tauri ka tsaya kar ka matsa. Sannan wasu na Fujinon suna da ɗan kunne a zoben baya da ke hana su zama daidai a bodin da ba nasu ba. Kowane lens kuma ka duba ganyen ko akwai sheƙin mai, ka danna tsinken baya ka saki ka ga ya rufe ya buɗe nan take ba da kasala ba.

Abba, K1000 da ka ambata zaɓi ne mai kyau in zai ƙara bodi na biyu, tunda bakin K da ya fito 1975 tazararsa ɗaya da M42, amma sai an faɗa masa adaftar ta zama irin mai nutsewa cikin baki ta yi daidai da fuska, mai leɓe a waje tana hana fokas ɗin nesa. Kuma bodin K ba ya tura tsinken nan, sai ya mayar da maɓallin gefen Takumar daga Auto zuwa Man ya riƙa rufewa da hannu.

Abba35mm ya rubuta:

Nagode Anti, wlh ban san zancen toriyam ɗin nan ba, na janye maganar fumfuna. Nura ka bi ta Baba.

Nuraddeen ya rubuta:

Salam, na dawo bayan kwana 12. Baba Allah ya saka da alheri, kamar kana wajen. Na karɓo nagetif, tabon ya ratsa har cikin ramukan gefe, kuma soson wajen lanƙwasar ƙofa da na taɓa sai ya manne min a yatsa kamar kwalta. Na kankare na sa sabo, ya ɗauke ni yamma guda. Batir ma na goge na sa 394, kuma gaskiya ban taɓa tura SW ɗin nan ba sai da ka faɗa, ina turawa allura ta motsa, na gwada da waya kusan abu ɗaya suke ba ni. Na sa fim na biyu na ƙi wuce 1/250, har da gangan na bar ta a rana na ɗan lokaci da murfi a lens, an wanke, 36 ɗin babu ja ko ɗaya babu duhun gefe. Gwajin bango kuma ya nuna 1/1000 har yanzu gefe ɗaya ba ya haskawa, 1/500 ta ɗan gyaru da na yi ta dannawa. Labule babu huji. Saura kuma sakan 1 da rabin sakan, in na danna sai ta yi zzz ta tsaya a hanya kafin ta ƙarasa.

Anti Maman Ilham nagode, Helios ya fito, na ɗauki ƙanwata a ƙarƙashin bishiya na ga juyawar nan da kika ce. Takumar yana ƙarƙashin fitila kwana na shida yau, kalar ta ragu sosai. Na Canon na ba abokina mai dijital.

Amma ga wani abu da ya hana ni barci. A ƙaramin aljihun jakar ta ciki na tarar da gwangwanin fim guda ɗaya, wutsiyarsa ta shige ciki gaba ɗaya, babu rubutu babu kwanan wata. Ina jin mahaifinmu ne ya ɗauka bai kai wanki ba. Akwai yiwuwar wani abu ya fito bayan shekarun nan? Tsoro nake kar in kai a lalata.

Baba Mai Wanki ya rubuta:

Madalla yarona. Tsayawar da take a sakan 1 duk tsohon man nan ne a 'yan haƙoran da ke riƙe gudun ƙasa, ranar da ka kai ta gyaran 1/1000 ka faɗa a haɗa a wanke lokaci ɗaya, ka ce a duba maka fokas ɗin nesa ma tunda an buɗe.

Fim ɗin kuwa, wutsiya a ciki yawanci alama ce an ɗauka an naɗe. Kar ka buɗe, kar ka yi ƙoƙarin zaro wutsiyar, kuma kar ka sake sa shi a kyamara. Ka karanta jikin gwangwanin. In ka ga C-41 toh wankin kala ne na yau da kullum, ko'ina ake wanke fim za a iya. In baƙi da fari ne ma ya fi, shi ya fi kowa riƙe hoto da daɗewa. In E-6 ne sai mai wankin silaid, wato fim ɗin da hoto ke fitowa a kansa kai tsaye ba nagetif ba. In kuwa ka ga Kodachrome ko K-14, wankin kalarsa ya ƙare a duniya tun ƙarshen 2010, sai dai a wanke shi a baƙi da fari a wajen wanda ya san kan abin, kar ka bari a jefa shi injin C-41, hoton zai tafi gaba ɗaya.

Ka sa a ranka kala za ta juya, zai yi hazo da tsakuwa-tsakuwa, zafin da ya sha a akwati shi zai nuna yawan abin da ya rage. Amma na sha wanke waɗanda suka fi wannan daɗewa fuskoki suka fito ana gane su. Ka sa shi a leda mai zif ka ajiye waje mai sanyi ba damshi har ranar da za ka kai. In ka je ka gaya musu tsohon fim ne na marigayi, ka ce ko sun ga nagetif ɗin kamar babu komai kar su yanke kar su yar, su ba ka shi a tsayinsa, kuma a yi sikanin kowane gida da hannu don inji yana tsallake waɗanda suka dushe. Ka fara turo mana hoton jikin gwangwanin gaba da baya kafin ka kai ko'ina.